Yaƙin Bama da gadonsa a kudancin Kaduna

Yaƙin Bama shi ne sunan da Hausawa suka sa wa fafatawar da aka yi tsakanin daular Birtaniya da daular Japan a ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar a yau, daga shekarar 1942 zuwa 1945. Yaƙin reshe ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Sojojin Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne Turawan mulkin mallaka suka kai wannan fage, kuma fiye da rabinsu 'yan Najeriya ne. A garin Kaduna, alamar yaƙin da ta fi fitowa fili ita ce Barikin Kalapanzin da ke Kakuri, kudu da kogin Kaduna, wanda aka raɗa wa sunan wani kogi na yankin Arakan da ke yammacin Bama.

Batun ya sake tasowa a shekarar 2025, lokacin da aka cika shekara 80 da saranda ta Japan. Abubuwa uku suka haɗu a lokaci guda. Japan tana ƙara kuɗin da take kashewa a kan soja fiye da kowane lokaci tun bayan 1945. Garuruwan Arakan da sunayensu ke rubuce a ƙofar barikokin Najeriya sun sake zama fagen daga. Tsofaffin sojojin da suka ga yaƙin da idonsu kuma sun kusa ƙarewa.

Yadda Japan ta zama daula

Har tsakiyar ƙarni na 19 Japan ta taƙaita hulɗarta da ƙasashen waje ƙwarai. A 1853 jiragen ruwan yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry suka iso gaɓarta, suka tilasta mata buɗe tashoshinta. Shugabannin da suka karɓi ragama a 1868 da sunan Sarki Meiji sun ga abin da Turawa suka yi wa ƙasar Sin, sai suka yanke shawarar cewa ƙasar da ba ta son a mallake ta dole ta yi ƙarfi irin na masu mallakar. Suka kafa masana'antu, suka shimfiɗa layin dogo, suka wajabta aikin soja a kan samari, suka kwaikwayi Jamus a tsarin sojan ƙasa da Ingila a tsarin sojan ruwa.

Ba a jima ba ƙarfin da aka tara don kare kai ya koma na cin ƙasashen maƙwabta. Japan ta ci Sin da yaƙi a 1894 zuwa 1895, ta karɓe tsibirin Taiwan. Rasha da Jamus da Faransa suka haɗa baki suka tilasta mata mayar da yankin Liaodong da ta samu a wannan yaƙi, abin da ya bar mata ƙullin Rasha a zuciya. A 1902 ta ƙulla ƙawance da Birtaniya. A 1904 ta far wa Rasha, kuma a watan Mayu na 1905 ta ragargaza jiragen ruwan Rasha a mashigin Tsushima. Ta haɗiye Koriya a 1910. A Yaƙin Duniya na Ɗaya tana ɓangaren Birtaniya, kuma ta yi amfani da damar ta ƙwace wuraren da Jamus ke riƙe da su a Sin da tekun Fasifik.

Shekarun nan sun zo daidai da na cin ƙasar Hausa. Shekara guda bayan ƙawancen Birtaniya da Japan, wato a 1903, sojojin Lugard suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yuli. Rundunar da ta yi wannan aiki, wadda aka kafa a 1897 da sunan rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, ita ce dai bayan shekara 40 aka ɗauka zuwa Asiya don ta yaƙi tsohuwar ƙawar Birtaniya.

Daga ƙawance zuwa gaba

Ƙawancen ƙasashen biyu ya ƙare a 1923. Japan tsibiri ce mai yawan jama'a da masana'antu, amma ba ta da man fetur da roba da ƙarfe isassu. Waɗannan kayayyaki suna hannun daulolin Birtaniya da Holan da Faransa a kudu maso gabashin Asiya. Ko a kasuwa ma an fara takun-saƙa: yadin Japan mai araha ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma har ya sa Birtaniya ta ƙayyade shigowarsa Najeriya a 1934, don ta kare masaƙun Lancashire.

A watan Satumba na 1931 sojojin Japan suka mamaye Manchuria. Da Majalisar Ƙawancen Ƙasashe ta soki matakin, sai Japan ta fice daga cikinta a 1933. A watan Yuli na 1937 yaƙi gadan-gadan ya ɓarke tsakaninta da Sin, kuma a watan Disamba na shekarar aka yi kisan kiyashin Nanjing. A 1939 ta gwada ƙarfi da Tarayyar Sobiyat a iyakar Mongoliya, ta sha kashi, sai ta juya akalarta kudu. Ta shiga ƙawance da Jamus da Italiya a watan Satumba na 1940. Bayan ta shiga yankin Indochina na Faransa, Amurka ta hana sayar mata da mai a 1941. Ranar 7 ga Disamba, 1941, Japan ta kai hari Pearl Harbor. Ranar 15 ga Fabrairu, 1942, Singafo ta faɗi, sojojin daular Birtaniya kimanin 80,000 suka miƙa wuya. A watan Maris birnin Rangun ya bi sahu, Japan ta iso ƙofar Indiya.

Japan ta yi ta shelar cewa ta zo ne don ta 'yantar da mutanen Asiya daga Turawa. Wasu 'yan kishin ƙasa na Bama, har da Aung San, sun ba ta goyon baya da farko. Amma aikin tilas da kisan da suka biyo baya sun nuna musu cewa ubangida kawai aka sauya, kuma a watan Maris na 1945 Aung San ya juya mata baya.

Tasirin yaƙin a Arewa

Faɗuwar Malaya ta raba Birtaniya da babbar hanyarta ta samun kuza da roba. Nan da nan idonta ya koma kan filayen kuza na Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an tilasta wa talakawa kimanin 100,000 daga lardunan Arewa zuwa aikin haƙar kuza, ta hannun hakimai da dagatai. Sanyin tsaunin Filato da ƙarancin abinci da cututtuka sun kashe da dama daga cikinsu. Saboda haka yaƙin Japan ya taɓa ƙauyukan da ba su ba da soja ko ɗaya ba.

Kaduna kuwa garin soja ne tun asali. Sojoji suka fara sauka a cikinsa kafin hedikwatar Arewa ta taso daga Zungeru a 1917. Babbar mahaɗar jirgin ƙasa, inda layin Legas zuwa Kano ya haɗu da layin da ya taso daga Fatakwal, tana kudu da kogin. Jirgin ƙasa shi ne hanyar da ta sada barikokin Kaduna da Zariya da tashar jiragen ruwa ta Legas. A Zariya kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a watan Janairu na 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ce ta riƙa kai labarin yaƙin ga masu karatun Hausa.

Rundunoni biyu a Arakan

An kafa Runduna ta 81 a Najeriya a watan Maris na 1943, ƙarƙashin Manjo Janar C. G. Woolner, da sojoji daga Najeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Tambarinta baƙin gizo-gizo ne. Ta isa Indiya a wannan shekara, kuma a farkon 1944 ta shiga kwarin kogin Kaladan. Babu hanyar mota a wurin, don haka da jirgin sama ake jefa mata abinci da harsashi. An cire birged ɗinta ta 3, mai bataliyoyi uku na Najeriya, aka haɗa ta da mayaƙan Chindit na Orde Wingate, waɗanda aka sauke a bayan layin Japanawa a watan Maris na 1944.

Runduna ta 82 ta shiga daga a watan Disamba na 1944. Birged biyu daga cikin ukunta na Najeriya ne. Ta kama garin Buthidaung, ta gangara kwarin kogin Kalapanzin, sannan ta haɗu da Runduna ta 81 suka kama Myohaung a watan Janairu na 1945. Daga nan ta ci gaba kudu ta Dalet da Tamandu da An da Letmauk, cikin duwatsu da ƙungurmin daji. Tambarinta masu biyu ne a gicciye a kan gammo. Gammon ba ado ba ne. Dubban mutanen da ke cikin rundunonin biyu 'yan dako ne marasa bindiga, waɗanda ke ɗaukar harsashi da sassan igwa da abinci a ka, a inda mota ba ta shiga. Wannan ne ya ba rundunonin damar ratsa wuraren da sauran sojoji suka kasa, amma ba kasafai ake ambaton 'yan dakon ba idan ana labarin nasara.

Ban da harsashin abokan gaba, zazzaɓin cizon sauro da atuni da ruwan damina sun kwantar da mutane masu yawa. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya je har Indiya da Bama ya gana da sojojin Najeriya. Daga cikin labaran da suka wanzu akwai na Isaac Fadoyebo, wanda aka harba a bakin kogin Kaladan a watan Maris na 1944. Wani manomi Musulmi na yankin ya ɓoye shi tare da wani sojan Saliyo na tsawon watanni, yana ciyar da su, alhali da Japanawa sun gano da ransa zai biya.

Harshe da sunaye

Kafin yaƙin, Hausa ce harshen aiki a rundunar Najeriya, kuma hafsoshin Turawa sukan koye ta. Da yake sojojin sun fito daga ƙabilu daban-daban, sai wata sassauƙar Hausa ta samu a tsakaninsu, wadda masana harshe ke kira Barikanci. A lokacin yaƙin an ɗauki mutanen Kudu masu yawa a matsayin direbobi da akawu da ma'aikatan asibiti da masu aikin sadarwa, kuma Turanci ya fara samun gindin zama a bariki. Kalmomin da Hausa ta ara ta wannan hanya suna nan a bakin jama'a: soja, bariki, kofur, saje, samanja, kyaftin, manjo, fareti.

Sunayen wurare ma sun zo da sojojin. Ban da Kalapanzin a Kakuri, akwai Barikin Dalet a Kawo da ke arewacin Kaduna, da Barikin Chindit a Zariya, da Letmauk a Ibadan. A Legas akwai Arakan da Tamandu a Apapa, da An da Myohaung a Yaba, da Dodan a Ikoyi, wanda ya kasance fadar shugabannin mulkin soja har zuwa 1991. Da yawan masu faɗin waɗannan sunaye a kullum ba su san cewa na ƙauyuka da kogunan Bama ba ne. Wasu sukan ɗauka sunan Barikin Dodan daga kalmar dodo ta Hausa ya fito, alhali sunan wani wuri ne da Runduna ta 82 ta yi faɗa a Bama.

Bayan dawowa

Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, 1945, da Nagasaki ranar 9 ga wata. Ranar 15 ga Agusta Sarki Hirohito ya sanar da saranda. Sojojin Najeriya da yawa ba su ga gida ba sai 1946, saboda ƙarancin jiragen ruwa. Sa'adu Zungur ya tarbe su da waƙarsa ta Maraba da Soja.

Abin da suka tarar bai kai abin da suka sa rai ba. Aikin yi ya yi ƙaranci, kuɗin sallama kuma bai taka kara ya karya ba. Wasu takardun gwamnatin Birtaniya na 1945 da 'yan jarida suka bankaɗo a 2019 sun nuna cewa kuɗin sallamar sojan Bature ya kai kusan ninki uku na sojan Afirka mai muƙami ɗaya da shi. A Ankara, ranar 28 ga Fabrairu, 1948, 'yan sanda suka harbe tsofaffin sojoji uku da ke tattakin neman haƙƙinsu, tarzomar da ta biyo baya kuma ta gaggauta 'yancin Gana. Masana tarihi sun saɓa a kan girman rawar da tsofaffin sojojin suka taka a siyasar Najeriya. Wasu na ganin mutumin da ya ga Bature yana jin tsoro yana mutuwa kamar kowa ba zai sake yi masa kallon da ba. Wasu kuma na cewa yawancinsu sun koma gona da aikin gadi da ɗan sandan doka, kuma buƙatarsu ta fansho ce fiye da ta mulkin kai.

Dawowar Japan ta hanyar masana'antu

Shekara 20 bayan yaƙin, Japanawa sun iso Kakuri da kansu, amma da injin saƙa. Masaƙar farko a unguwar, Kaduna Textiles, ta fara aiki a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. A shekarun 1960 gwamnatin Najeriya ta taƙaita shigo da kayan Japan saboda cinikin ya karkata ɓangare guda. Kamfanonin saƙa na Japan suka haɗa jari da hukumar raya Arewa suka kafa Arewa Textiles, wadda ta fara aiki a tsakiyar shekarun. Haka kuma kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina matatar man Kaduna da ke hanyar Kachia, wadda aka buɗe a 1980.

Ke nan unguwa ɗaya ta haɗa barikin da ke tuna yaƙi da Japan da masaƙar da jarin Japan ya gina. Masaƙun su ne suka jawo dubban ma'aikata daga sassan ƙasar zuwa Kakuri da Makera da Nasarawa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, sauran ma suka bi ta cikin 'yan shekaru, saboda matsalar wutar lantarki da tsadar man injin da kwararowar yadin waje ta ɓarauniyar hanya, mafi yawansa daga Sin.

Halin da ake ciki

Sashe na 9 na tsarin mulkin Japan na 1947 ya haramta mata yin yaƙi don warware rikici da wata ƙasa. Shekaru da dama kuɗin tsaronta bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara ba. A watan Disamba na 2022 gwamnatin Fumio Kishida ta sanar da shirin kashe yen tiriliyan 43 cikin shekara biyar, da kai kason zuwa kashi 2 cikin 100, da mallakar makamai masu linzami da za su iya kai farmaki cikin ƙasar abokan gaba. Dalilan da ta bayar su ne ƙarfin sojan Sin, da makaman Koriya ta Arewa, da mamayar Rasha a Yukren. Sanae Takaichi, mace ta farko da ta zama firaministar Japan a watan Oktoba na 2025, ta faɗa wa majalisa ranar 7 ga Nuwamba cewa harin Sin a kan Taiwan zai iya zama barazana ga wanzuwar Japan, wadda za ta halatta mata amfani da soja. Sin ta fusata, ta gargaɗi 'yan ƙasarta game da zuwa Japan.

Masu goyon bayan matakin na cewa Japan ta yau ƙasar dimokuraɗiyya ce da ba ta kai wa kowa hari ba tun 1945, kuma firaminista Tomiichi Murayama ya nemi gafara a 1995 kan mulkin mallaka da mamayar da ta yi. Masu suka a Sin da Koriya na nuni da ziyarar da 'yan siyasar Japan ke kai wa wurin ibada na Yasukuni, inda ake girmama har da waɗanda aka samu da manyan laifukan yaƙi.

Najeriya tana da hannu a ɓangarorin biyu. Kamfanin Sin ne ya gina layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da rancen bankin Sin. Japan kuma tana neman kusantar Afirka ta taron TICAD, wanda Shugaba Bola Tinubu ya halarci zama na tara a Yokohama a watan Agusta na 2025, kuma tana da sansanin soja a Jibuti tun 2011. A wannan taro ne hukumar JICA ta haɗa birnin Kisarazu da Najeriya a wani shirin musayar al'adu. Sanarwar da ta fito daga Abuja cewa za a ba 'yan Najeriya biza ta musamman, wadda Japan ta musanta, ta tayar da ƙura a can, har aka soke shirin a watan Satumba. Abin da ya faru a 1942 ya nuna cewa rikicin manyan ƙasashe a gabashin Asiya yakan iso Arewa ta hanyar farashin kaya da buƙatar ma'adinai tun kafin a yi maganar soja. Bambancin shi ne a wancan lokaci ba a nemi shawarar kowa a Najeriya ba, yanzu kuwa ƙasar ce ke da alhakin zaɓar matsayinta.

A Arakan, wadda ake kira jihar Rakhine a yau, zaman lafiya bai samu ba. A 2017 Musulmin Rohingya fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladesh daga farmakin sojojin Myanmar, da yawansu daga yankin Buthidaung da Maungdaw. A 2024 mayaƙan Arakan Army suka ƙwace Mrauk-U, wato tsohon Myohaung, da Buthidaung da An daga hannun gwamnatin soja.

Tunawa

A da Najeriya tana tuna sojojinta ranar 11 ga Nuwamba, kamar sauran ƙasashen Kwamanwel. Daga baya aka mayar da ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuma hankalin bikin ya fi komawa kan yaƙin basasa da na 'yan ta'adda. Sojojin Gana kuwa har yanzu suna bikin ranar Myohaung a kowane watan Janairu. A maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Rangun akwai bango mai sunayen sojoji kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma.

Daga cikin ayyukan da suka farfaɗo da labarin akwai littafin Burma Boy na 2007, wanda Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya rubuta bisa abin da ya ji game da mahaifinsa da ya yi yaƙin, da littafin Another Man's War na Barnaby Phillips na 2014 a kan Isaac Fadoyebo. Dukansu da Turanci suke. Yawancin abin da sojojin Arewa suka gani a Kaladan da Kalapanzin da baka suka ba da shi, a zaure da gindin bishiya, kuma wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943 ya cika shekara 100 a 2025. Abin da ya rage yana hannun 'ya'ya da jikoki, da lambobin yabo da takardun sallama da ke cikin adaka, da tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, da fayilolin ofishin adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna.